Masassaƙin da Ya Ajiye Gizago

A shekarar da Turawa suka miƙa mulki ina fataucin kifin banda tsakanin Illo da kasuwannin Dahome. Jiragen ruwan da nake ɗora wa kaya duk aikin mutum ɗaya ne, wani masassaƙi Kirista da ya ƙetaro daga can ya zauna a bakin kogin Kwara da matarsa da ɗiyarsu guda. Ban taɓa sayen jirginsa ya yi yoyo ba. Ranar Lahadi kuwa ba ya taɓa gizago, ko wa ya roƙe shi.

Sau ɗaya ya karya wannan doka. An shirya tseren jirage don bikin samun mulki, jirgin unguwarsu bai ƙare ba, samari suka dame shi har ya yi aiki ranar Lahadi. Kafin damina ta ƙare ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauke ɗiyarsa.

Bayan an rufe ta na same shi zaune, gungumen itace a gabansa, bai taɓa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya zagaye-zagaye ba. Na ce, "Maigida, tashi ka kama aiki. Iyalinka da me za su ci?"

Ya ce, "Mai kifi, hannun nan ya yi zunubi. Allah ya hukunta ni a inda zai fi mini ciwo."

Na ce, "Yaran limamin masallaci ma sun mutu. Su wace Lahadin suka karya?"

"Nasu ban sani ba. Nawa na sani."

Limamin cocinsu ya zo daga ƙetare, ya gaya masa Allah mai gafara ne. Ya saurara, ya yi godiya, bai tashi ba. Matarsa ta yi ta sayar da ƙosai har ta gaji, ta koma wurin danginta. Na kai masa hatsi, ya karɓa. Na kai masa aiki, ya ƙi.

Da rani ya bi sawun matarsa. Daga baya na gan shi a wani ƙauye na Dahome yana sharar harabar coci, ya rame ƙwarai. Na miƙa masa hannu muka gaisa. Tafin hannunsa ya yi laushi, kantar duk ta baje. Ya tambaye ni kasuwa, na ce da godiya, ya koma ga tsintsiyarsa.