Mai Ƙwallo da Mangwaron Gindin Tanki

Duk layin da sunan Mai Ƙwallo suka san ta, ko da yake ɗinki ne sana'arta. Shagonta ɗaki ne guda a jikin gidanta, da keke mai takawa da ƙafa, da teburin yanka, da taga mai kallon bayan gida. Sunan kuwa halinta ne ya jawo mata shi. Ba ta taɓa shan mangwaro mai daɗi ta yar da ƙwallon ba. Sai ta tsotse shi tas, ta ƙulle a bakin zani, in ta dawo gida ta binne a tsohon gwangwanin fenti. Ko a gidan surukai aka ba ta haka za ta yi, ko a jikinta.

Ƙaninta, autan ɗakinsu, shi ma da bishiya yake ci. Dashe yake sayarwa a bakin titi, kuma gwani ne wajen yi wa mangwaro aure: ya yanko ɗan reshe daga bishiyar da aka san zaƙinta, ya tsaga kan ƙaramin dashe, ya soka reshen, ya naɗe da leda. In ya kama, abin da uwar reshen take haifa shi za a sha, ba ragi ba ƙari.

"Yaya, shuka ƙwallo caca ce," yakan ce mata. "Ki yi shekaru kina ban ruwa, ƙarshe ki tsinki tsami."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"To shi mangwaro bai ji wannan karin maganar ba."

"Kai dai je ka. Bishiya ba riga ba ce da za a yi mata faci."

Gaskiyar magana, Auta ne ke cin gardamar kusan kullum. Bayan gidan ya cika da bishiyoyi, wasu tsami har ya kashe haƙori, wasu zarensu ya fi na kan kekenta yawa. Ba ta sare ko ɗaya ba. Mace ce mai kafiya, kuma tana son su a haka.

Sai guda ɗaya a gindin tankin ruwa ta fitar da ita kunya. 'Ya'yanta ba zare, ƙwallon siriri, ga zaƙi ga ƙamshi tun daga ƙofar shago. Ranar da Auta ya ɗanɗana, sai ya roƙi reshe ɗaya tak.

"Ga ƙwallo nan, je ka shuka," in ji ta, tana ta taka kekenta.

Ita ma ta shuka ƙwallayen bishiyar da yawa, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duk wanda ya haihu tsami ya haifa. Wannan ba ta gaya wa kowa ba.

Ana nan sai bishiyar ta kamu da ciwo. Danƙo ya riƙa tsiyaya daga gindinta, rassa suna bushewa daga sama suna gangarowa. Mai Ƙwallo ta gane in ta mutu, irinta ya ƙare a duniya ke nan. Ta rufe shago da rana tsaka, ta tafi bakin titi.

"Auta, wuƙar nan taka tana nan?"

Bai tsokane ta ba, kuma wannan ya fi tsokanar yi mata ciwo. Ya zo ya zaɓi rassan da suka rage da rai, ya aura su a kan ƙananan shukokinta na cikin gwangwanaye. Da zai tafi aikin dashe a wata gona mai nisa, ya ce, "Ruwa kawai, Yaya. Kada ki taɓa komai."

Kafin ya dawo uwar ta bushe ƙarau. Mai Ƙwallo ta duƙufa kan gwangwanayen. Sai ta lura kowanne ya fito da sabon tsiro daga ƙasa, kore shar, mai ƙarfi, a sama kuwa wani tsinke ne naɗe da leda, ya tsaya kamar bai san me ake ciki ba. Ita kuma tun tasowarta doka ɗaya ta sani a shuka: a bar mai ƙarfi, a cire rago. Ta ɗauko almakashin ɗinki ta bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya.

Da Auta ya dawo, da fara'arta ta kai shi ya ga gyara. Ya duba, ya nemi bulo ya zauna.

"Yaya, wannan da kika bari ai gindin ne, masu tsamin nan naki. Mai daɗin shi kika yanke."

Ta dubi gwangwanayen, ta dubi busasshiyar bishiyar. Ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi sai kanta.

Can Auta ya ce, "Ina wanda na ajiye ƙarƙashin tagarki saboda inuwa?"

Ba ta ma san da shi ba. Ƙyallayen da take watsowa ta taga sun lulluɓe gwangwanin, ragowar ruwan buta da take zubarwa nan kuma shi ya raya shi. Suka yaye tsummokaran. Ga tsiron ƙasa ya yi ɓul-ɓul, ga tsinken sama da jajayen ganye biyu ƙanana.

Auta ya zaro wuƙa. Ta ce, "Bari." Ta tsuguna da almakashinta, ta datse mai ƙarfin.

Shekarar da dashen ya fara haihuwa, ita ta tsinki na farko. Ta gatsa, ta ji ƙamshin nan da zaƙin nan sak, hawaye suka zubo mata, ba ta kuma ɓoye ba. Auta ya kau da kai don ya ba ta wuri. Da ya juyo, sai ya ga tana ƙulle ƙwallon a bakin zani.

"Haba, Yaya!"

"Uwarsa daga ina ka ga ta fito?" in ji ta. "Miƙo min gwangwanin can."