Daminar da Kalla Bai Dawo Ba

A Tamaske, in ana suna, a hannun Hindatu mai kitso kan maijego yake kwana. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa, har surukarta takan sha tsiya. Sai dai duk wata akwai kwanakin da ba a jin muryarta. Ciwon mara ne ke naɗe ta a tabarma tun tana budurwa, kuma ga aure ya yi nisa, ba ko ɓari.

Mijinta Kalla ya kai ta asibitin mishan. Aka ce wani nama irin na cikin mahaifa ne ya tsiro a waje ya manne, aka yi mata aiki. Ranar sallama, Hulda ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe ta gaya mata in ta warke, watannin nan na farko su ne damarta ta samun ciki, don ciwon yakan dawo. Kada maigida ya yi nisa.

To, a ƙasar Adar, inda Tamaske take, da an kai gero rumbu maza sai biɗa, wato fita neman abinci ƙasashen waje. Uwarta kuma ta ɗauke ta jinya gida, kamar yadda ake yi. Kalla ya zo sallama, ya durƙusa a zaure, uwar na zaune. Hindatu mai bakin nan ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ta yaya mace za ta ce wa miji ya zauna don shimfiɗa? Allah ya tsare hanya kawai ta ce.

Abijan ta riƙe shi. Damina ta zo ta wuce ba shi. Ko a waya ta kasa gaya masa, kullum da mutane kusa. Kafin ya dawo, ciwon ya riga shi isowa, da suka koma asibiti kuma likita ya ce bana ba bara ba ce, damar ta wuce.

A hanyar komawa gida ta gaya masa abin da Hulda ta ce. Abin tausayi, babba da shi, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ni don ki huta nit tahi," in ji shi.

Har yau tana kitson suna, hannunta bai canza ba. Jaririn ne dai in an miƙo mata takan ce hannunta da mai.