Yayata ta matse fitsari har cuta ta hau mata ƙoda

Kun daina ganina a nan, wasu har sun ce kama ni aka yi. Ba wanda ya kama ni. Jinya nake yi. Yau zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Yaya Rabi ce da bakinta ta ce in rubuta.

Ita ta raine ni. Tun da aurenta ya mutu take sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo.

Matan layinsu ba sa shan ruwa tun safe, don kada fitsari ya kama su. Bayin kasuwa da nisa, ga ƙazanta, in kin tashi kuma maƙwabciya ta janye miki mai saye. Sai a matse har magariba.

Da zafi ya fara, in ta tsuguna kamar ana zuba mata barkono. Fitsarin ya yi duhu, ya soma wari. Ba ta gaya wa kowa ba. Bazawara a Zongo ta ce tana ciwon sanyi? Kafin la'asar an gama yi mata ƙazafin maza.

Sai ta koma wa wata mai tallar magani a daro, wadda ke haɗa mata ƙwayoyi ja da fari a leda.

Wata Laraba ta faɗi a kan dilar kaya. Na iske ta jiki kamar garwashi, haƙora na karo da juna har ta datse harshe, jini a haɓa. Da zanenta na ɗaure ta a jikina a kan zem, wato acaɓa, tana kelaya amai a kafaɗata.

A asibiti aka auna fitsari da jini, aka yi hoton ciki, aka sa ƙarin ruwa. Allura safe da yamma. Babur ɗina na sayar, kuɗin ya tafi a famasi, ban yi nadama ba.

Likita ya ce cutar ta tashi daga mafitsara ta hau ƙoda, ta fara shiga jini.

Yaya ta buɗe ido da ƙyar: "Likita, wallahi tun da na fito ban san namiji ba."

Ya ce, "Madam, wa ya tambaye ki? Wannan har yarinya da tsohuwa yana kamawa."

Tana bakin mutuwa, rantsuwa take yi! Kaina ya ɗau wuta. Na fita, na nemo mai maganin, na yi ƙwallo da daronta cikin kwata. 'Ya'yanta suka taru a kaina da katako, suka fasa mini baki.

Na dawo a kumbure. Yaya ta dube ni: "Sanusi, kai dai ba ka da hankali. Ita ta kira ni? Tsoron bakin unguwa ne ya kai ni wurinta."

Alhamdulillah, ƙodar ta tsira. Yaya ta koma kasuwa da gorar ruwa, ta kuma shirya da maƙwabciyarta: wannan ta tafi bayi, wannan ta tsare kaya. Allah ya saka wa ma'aikatan jinya da matan layin da suka yi ta kawo kunu.

'Yan'uwa mata, ku sha ruwa, kada ku matse. In kin yi tsarki, daga gaba zuwa baya. Zafin fitsari, asibiti. In ya haɗu da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ranar nan, ba gobe ba. Ki shanye maganin ko kin ji sauƙi.

Wanda kuma ya karanta ya taɓe baki ya ce "ashe bazawarar nan...", ina gyaran waya a unguwar Jonquet. Ya zo ya ƙarasa maganar a gabana.