Gudumar Baba Kofur

Kafin ƙarfe bakwai Baba Kofur ya iso rumfarsa ta katako, ƙaramar guduma a hannu, guntun alli a bayan kunne. Ba ya zama sai ya bi gumaguman da mota ta sauke ɗaya bayan ɗaya, yana shafa ɓawo, yana ƙwanƙwasawa. Wanda ya samu alamar allinsa kaɗai ke hawa injin zarto. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai huta.

Mu kafintoci mun sha tsokanarsa. "Baba, yau me itacen ya ce?" Sai ya ce, "Ya ce surutunka ya fi aikinka."

Ya yi yaƙi yana saurayi, ya dawo da ɗingishi. Ba ya ba da labarin yaƙin. Abu ɗaya ya taɓa gaya mana: itace ma yana shan harsashi, sai dai shi ba ya faɗuwa, yakan rufe ciwon da ɓawo ya ci gaba da girma. Ran da zarto ya ci karo da ƙarfen, tsinkewa yake yi, ya yi kan wanda ke tsaye a gabansa.

A gabana aka yi, ranar da wani ɗan kwangila ya kawo gumagumai yana ta azalzala. Baba ya sa wa duka alli ban da babban cikinsu, ya ce akwai ƙarfen yaƙi a ciki. Mutumin ya fusata. "Haba tsoho! Yaƙin nan ya ƙare tun ina goye. A yanka min kawai!" Dogo mai zarto, uban 'ya'ya biyar, har ya kunna inji. Sai Baba ya ja ƙafarsa ya hau gungumen ya zauna.

"To, a yanka da ni."

Da aka kashe injin ya ce a miƙo gatari. Ya yi ta saran wani tabo, gumi na ɗiga, har muka ji ƙarar ƙarfe. Guntun bam ne mai tsatsa, ya kai tafin hannu. Dogo ya sulale ya zauna cikin garin katako. Ɗan kwangilar bai sake dawowa ba, Baba kuwa ko a jikinsa.

Baba Kofur, kai ne sojan da bai bar gadi ba don an karɓe bindiga. Ba ka da lambar yabo, amma a rumfarka ba a taɓa kwasar kowa zuwa asibiti ba. Wallahi ina alfahari da na san ka. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya.

Masu gaggawa, ku je ku ga yadda ake aiki. Ko bayan Baba ya huta, za ku tarar da Dogo sunkuye a kan gungume, gudumar Baba a hannunsa, yatsunsa goma cif.