Anti Mayar-da-su Ta Ajiye Aiki

Kullum kafin mai shara ya gama baranda, ta riga ta buɗe tagogin ɗakin adana tsofaffin takardu na jami'a, ta zauna gaban kwamfutar nan mai nishi kamar tsohuwa. Aikinta bin sawun ma'aikatan da suka daɗe da rasuwa: wane ya fara da dako, ya koma gadi, ya ƙare a direba. Kowace sana'a da lambarta, da su ake lissafa yadda mutane suka hau ko suka sauka a wurin aiki.

Ɗalibai ne suka hana ta sakat. Katin ma'aikaci yakan yanke a tsakiya, ko ruwa ya ci shi, ko mutumin ya tafi ba sallama. Sai ɗalibi ya goge irin waɗannan, ya bar masu cikakken tarihi, zanen lissafinsa ya fito sumul, ya ce a da kowa ƙarin girma yake samu. Ita kuwa ta sauke tabarau, ta ja dogon numfashi, ta ce a mayar da su. Da haka sunan ya bi ta.

Dogo, mai neman digiri na biyu, ya fi kowa sa mata ciwon kai. Ya goge, ta mayar, ya sake gogewa, wai suna ɓata masa zane.

"Anti, mutanen nan fa ba a san ƙarshensu ba."

"Kai ka san naka ne? Ƙirga su har inda muka gan su. In waɗanda suka dace kaɗai ka bari, ai kowa manaja ne."

Yana ƙunƙuni ya koyi lissafin da ke riƙe mutum har shekarar da sawunsa ya ɓace. Zanen ya fito a karkace, amma ba ƙarya a cikinsa.

Anti, ke ce uwar waɗanda takarda ta yasar. Abin haushi, littattafai nawa aka rubuta da guminki, amma sunanki yana can ƙasan shafin godiya, bayan na mai gyaran janareto. Wannan bai taɓa damunki ba. Fargabarki ɗaya: ranar da kika fita, za a share mutanenki.

Ranar sallama tana naɗe kofinta a leda, sai ta jiyo Dogo ta bango yana yi wa sabuwar ɗaliba faɗa, har da jan numfashin: "Wa ya ce ki goge su? Mayar da su."

Ta ƙarasa naɗin, ta rufe tagogi.

Mun gode, Anti, Allah ya ba da hutu mai albarka. Mu da muka rage, don Allah, kafin mu goge mutum, mu ƙirga shi.