Akwatin Shuka Daga Tsohon Hoton Amurka

Shekarar da na fara koyarwa a sakandaren garinmu, can gefen Kunci, darasin tarihi aka ba ni. Da muka iso babin Amurka sai na rasa ta inda zan kama. Abin da na sani bai wuce wanda aka yi mana shifta a kwaleji ba: an kai bayi, an yi yaƙi, an 'yanta su, ƙasa ta yi arziki. Na san idan na karanta wa yara haka barci za su yi, don ni ma a lokacina barcin na yi.

Ƙanena da ke karatu a Kano na kai wa kuka a waya. Ya ce, "Yaya, ai malaman can suna da shafuka a intanet da aka yi musamman don koya wa yaransu tarihi, kuma kyauta ne. Bari in turo miki."

A makarantarmu sabis ba ya kamawa sai a gindin tankin ruwa. Nan na tsaya lokacin hutun tara, na buɗe shafin, na kusa manta da cewa ina da aji. Tsofaffin hotuna ne birjik, ga taswirori, ga zane-zanen kayan aiki, kowanne da bayaninsa a ƙasa. Har da shawara ga malami: kada ka fara gaya wa yara komai, ka nuna musu hoton, ka tambaye su abin da suka gani da abin da suke so su sani. Na sauke waɗanda datata ta iya ɗauka, na koma aji ina sauri kamar wadda ta tsinci abu a hanya.

Waya ɗaya ce, saboda haka benci-benci na riƙa bi da ita. Hoton farko na wasu yara ne a gaban makarantar katako, yawancinsu ba takalmi. Na ce, "Wace ƙasa ce wannan?"

Wani ya ce Nijar. Wata ta ce ai Turawa ne, sai dai talakawansu. Da na ce Amurka ce, aji ya kaure.

"Malama, wallahi ba Amurka ba ce! Amurka fa kika ce?"

"Ina motocin? Ina dogayen benayen?"

Na ce su yi haƙuri, ga na biyu. Wani baƙin mutum ne dogo, da malfa a kansa, yana bin bayan alfadari a gona. Hannayensa na riƙe da wani abu mai kama da garmar shanu, amma da ƙafa guda kamar ta baro a gaba, da ɗan akwati a sama. Kowa ya zuba wa hoton ido, don duk wanda ke ajin ɗan manomi ne. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta sa yatsa a kan hoton ta ce, "Malama, mene ne a cikin akwatin nan?"

Ni ma ban sani ba, sai da na karanta bayanin na fassara musu. Iri ne a ciki. Idan ƙafar ta juya, akwatin ya saki iri cikin ƙasa, wani ƙarfe a baya ya rufe. Mutum ɗaya da dabba ɗaya, shi ke nan.

Sai a san yadda muke shuka a nan. Namiji na gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye da ƙwarya suna jefa iri suna rufewa da diddige, daga hantsi har baya ya ƙage. Ranar da aka yi ruwan shuka, rabin ajina ba ya zuwa makaranta. Shi ya sa ihun da yaran nan suka yi ya sa shugaban makaranta leƙowa ta taga, yana zaton faɗa ake yi.

Da la'asar na nuna wa Baba hoton. Mahaifina manomi ne mai son kayan aiki, kakanninsa daga Borno suka zo, kuma tun da na fara aiki ya daina kiran sunana, sai Malama. Ya karɓi wayar, na nuna masa yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya koma kan fuskar mutumin.

"Malama, wannan ai kamar ɗan'uwanmu ne."

Na gaya masa abin da shafin ya ce: jikan bayi ne da aka kwasa daga wannan nahiya tamu, kuma irinsu da yawa bayan an 'yanta su a gonar wani suke noma, in kaka ta yi a raba amfani da mai gona.

"Gonar ba tasa ba ce?"

"Ba tasa ba ce, Baba."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan na baya. Sai kuma ya miƙe tsaye yana gyara hula. "Gobe kasuwa. Za ki raka ni maƙera."

Maƙerin garinmu abokin Baba ne tun suna yara, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya kalli hoton ya ce, "Kai Babarbare, yanzu abin da Bature ya jefar tun kafin a haife ka za ka sa ni in ƙera?" Amma bai saki wayar ba. Ya ce hoton bai nuna cikin akwatin ba, kuma shi ba ya ƙera abin da bai gani ba.

Wannan ya zama aikin ajina. Muka koma gindin tanki ni da yara muna lalube a shafin, har muka samo wani tsohon zane da ya nuna cikin irin wannan akwati: faifan ƙarfe ne mai huji-huji yana juyawa, duk hujin da ya zo daidai baki sai ya saki iri. Yara suka kwafe shi a allo, daga allo zuwa bayan kwali, suka kai maƙera da kansu. A kan hanyar neman zanen nan suka karanta labarin auduga, da na jiragen da suka kwashi mutane, da dalilin yaƙin da aka yi, ba tare da na tilasta wa kowa ba. Wasu har gardama suke yi a kan hanyar gida.

Maƙeri ya haɗa abinsa da ƙafar tsohon keke, da kaca, da babban gwangwanin madara a matsayin akwati. Ba mu da alfadari, sai jakin Baba.

Safiyar da ta biyo bayan ruwan shuka, ajina ya cika maƙil a karon farko, amma a gonar Baba, da izinin shugaban makaranta. Maƙwabtan gona suka jingine sungumansu suka zo kallo. Aka zuba gero a gwangwani, aka ɗaura wa jaki. Baba ya yi bisimilla ya kama hannayen. Jaki ya ji ƙarar kaca a bayansa, ya kafe. Aka lallaba, aka ja, ya ƙi. Da ya tashi tafiya kuwa sai ya zura da gudu, Baba na biye da shi yana "Tsaya! Tsaya!", gero na zuba kamar ruwan famfo. Kafin a kai ƙarshen kunya gwangwani ya zama wayam. Mutane suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa, maƙeri ya fi kowa.

Ni kam kunya ta kama ni, ina ganin na jawo wa mahaifina abin faɗa a gari. Shi ko a jikinsa. Ya durƙusa shi da maƙeri suna leƙa gwangwani, yara sun yi musu rumfa. Yarinyar nan mai shiru ce ta ce, "Baba, a bayanin hoton ai masara aka ce yana shukawa. Gero ya yi wa hujin ƙanƙanta."

Baba ya ɗago ya ce, "A kawo gyaɗa!"

Aka ruga gida aka kawo irin gyaɗa. Wannan karon wani ɗalibi ya riƙe jaki ta gaba yana tafiya da shi a hankali. Ƙafar keke ta juya, muka ji ƙas, sai kuma ƙas. Muka bi baya muna tonawa da yatsa: ga gyaɗa, taku kaɗan ga wata, duk a rufe. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni da ake kira Malama, a gaban ɗalibaina. 'Yan mata suka amsa, maza suka ɗaga maƙeri sama yana ta zaginsu cikin dariya.

Ba zan ce abin ya yi aiki sarai ba. Inda yashi ya yi laushi ƙafar nutsewa take yi, kaca kuma ta riƙa zamewa, wasu wuraren sai da aka bi da hannu aka cike. Amma da gyaɗa ta tsiro, layinta ya miƙe sambal, masu wucewa zuwa kasuwar Tsanyawa har tsayawa suke yi. Maƙeri ya ƙera wani faifan mai ƙananan huji don gero, ya ce sai baɗi.

Bayan an gama noman farko, wata safiya ina tsaka da darasi sai na ji sallama a ƙofar aji. Baba ne cikin rigarsa ta Juma'a. Ya ce ya ji yau za a nuna yadda mutanen can suka ja ruwa zuwa busasshiyar ƙasa, kuma ya riga ya nemi izini a ofis. Yara suka matsa masa a bencin baya. Na fara zagayawa da waya, ban ko kai layi na biyu ba ya ɗaga hannu.

"Malama, a ɗan dawo da wancan. Ban gama gani ba."