Na Ce wa Baba Indiya Ba Nisa

A lokacin ina ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, kuma ni ce babba a gidanmu, don haka duk abin da ya shafi lafiya maganata ake ji. Mahaifinmu manomi ne a Doguwa, masara da dankali yake nomawa, bai taɓa wuce Kano da Jos ba. Da ciwon ƙoda ya tsananta masa, likita a Kano ya gaya mini a keɓe cewa abin ya yi nisa, gara a lallaɓa shi a gida. Ban yarda ba. Na tara ƙannena na ce Indiya za mu kai shi.

Baba ya ƙi. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba, yana so ne idan ta zo ta same shi a garinsu, a kwantar da shi kusa da mahaifiyarmu. Sai ya tambaye ni nisan wurin, ko idan jiki ya ƙi za a iya dawo da shi a ranar. Na san daga Kano zuwa Delhi jirgi biyu ne, sama da awa goma a sararin sama, ban da zaman jira a Addis Ababa. Amma na dubi idonsa na ce a jirgi ba nisa, kamar zuwa Jos ne a mota. Sai ya ce tunda ni na faɗa, ya amince.

A jirgi na farko ya yi ta tasbihi, da muka sauka ya ɗauka mun iso. Na ce saura kaɗan. A na biyu ƙafafunsa suka kumbura, ya yi sallah a zaune, ya daɗe yana kallon ruwan da ke ƙasa ta taga. Can ya juyo ya ce, "'Yar nan, ashe kin kawo ni inda ba a komawa." Bai ƙara tayar da zancen ba, bai kuma yi mini faɗa ba.

Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti. A na takwas ya roƙe ni in mayar da shi gida, likitoci suka ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar ba. Ranar da ya cika, wasu ɗalibai 'yan Nijeriya da limamin unguwar da asibitin yake suka yi masa sutura suka tafi da shi, ni kuwa mace, na tsaya a bakin ƙofa. Har yau idan ƙannena suka tambaye ni inda kabarinsa yake, sai dai in faɗi sunan unguwar. Ba wanda ya taɓa zargina a fili, hakan ma ya fi yi mini ciwo.

Na san kwanan Baba ne ya ƙare, kuma ƙasar da za ta karɓe shi a rubuce take. Abin da ke damuna shi ne ƙaryar, domin da ita na ƙwace masa zaɓin da yake nasa. Duk mai jinyar iyaye, don Allah ya gaya musu gaskiyar nisan tafiya da gaskiyar ciwo, ya bar su su ce eh ko a'a. Ni da Baba ya ce a'a, ban saurara ba. Ku sa shi a addu'a.